Hasumiyar Fitila ta Tarkwa Bay: Tarihinta da Aikin Masu Tsaronta

Wanda ya taɓa hawa kwale-kwale daga Legas zuwa Tarkwa Bay zai iya hango wata tsohuwar hasumiya a yammacin mashigar tashar jiragen ruwa. Turawan mulkin mallaka ne suka gina ta wajajen 1890, kuma daga gare ta ne bakin tekun wurin ya samo sunansa, Lighthouse Beach.

Abin da ya sa aka gina ta shi ne mashigar Ikko tana da haɗari ƙwarai. Yashi ne jibge a bakinta, ga igiyar ruwa mai ƙarfi. Manyan jirage ba sa iya shiga, sai su tsaya can cikin teku, ƙananan jirage su riƙa kwaso kaya da fasinja. Da dare kuwa, fitilar ce ke nuna wa matuƙi inda gaɓa take. Fataken goro Hausawa da ke dawowa ta ruwa daga ƙasar da yanzu ake kira Ghana suna cikin masu bin wannan mashiga.

A irin waɗannan hasumiyoyi, kafin zuwan lantarki, mai tsaro ba ya barcin dare. Shi zai hau da mai har sama, ya gyara lagwani, ya kunna da magariba, ya zauna gadi har gari ya waye. Da rana ya goge gilashin da hayaƙi da gishirin teku suka dusashe, ya rubuta abin da ya faru a littafi. Fitila ta mutu na awa ɗaya, ana iya rasa jirgi da mutanen cikinsa.

Daga baya an yi katangun duwatsu a bakin mashigar, aka yashe ta, har babban jirgi ya shiga a 1914. Layin dogo ya riga ya isa Kano a 1911, don haka gyaɗa da fatun Arewa ta nan suka riƙa fita zuwa Turai.

Yau matuƙa sun fi dogara da na'urar tauraron ɗan adam. Kula da alamomin hanyar jirage yana hannun Hukumar Tashoshin Jiragen Ruwa ta Najeriya, NPA, wadda ke ƙarƙashin ma'aikatar harkokin teku da aka kafa a Abuja a 2023. Mazauna Tarkwa Bay kuwa, sojojin ruwa sun tashe su a Janairun 2020.