Sheila Isanaka, mai binciken tamowa da zawon yara

Sheila Isanaka malama ce a jami'ar Harvard ta Amurka, tana aiki da Epicentre, cibiyar bincike ta likitocin MSF. Ta jagoranci gwaje-gwaje biyu a Madarumfa, jihar Maraɗi.

Sakamakon 2016 ya nuna ba da amoxicilline ga yaran da tamowarsu ba ta haɗu da wata cuta ba, ba ya ƙara yawan masu warkewa. Na 2017, kan jarirai 3,508, ya nuna rigakafin Rotasiil na ɗigawa a baki yana rage mummunan zawon rotavirus da kashi 67 cikin 100.

Rigakafin yana jure zafi, abin da ƙauyukan Adar marasa firigo ke bukata. OMS ta amince da shi a 2018.