Yadda Fijo Ta Zama 'Yar Gida a Ƙasar Hausa

A shekarar 2025 ne ma'aikatar harhaɗa motocin Peugeot da ke Kakuri, cikin birnin Kaduna, ta cika shekara hamsin da buɗewa, kuma tun da zancen ya taso ake ta muhawara a majalisun dattawa da garejin makanikai a kan mas'ala guda, wato mene ne ya sa wannan mota ta Faransa, wadda harshenmu ya lanƙwasa sunanta ya mai da shi Fijo, ta shiga jinin mutanen ƙasar nan, har ya zamana yau, bayan an daɗe da barin ƙera 404 da 504, ana samun mai hali ya tsinci gawar ɗaya a kango, ya kashe mata dukiya mai yawa, don kawai ya sake jin kukan injinta.

Asalin gidan Peugeot maƙera ne na gabashin Faransa, waɗanda a 1810 suka mai da injin niƙan gidansu maƙerar ƙarfe, suka yi ta ƙera zarto da maniƙar gahawa, daga baya kekuna. Zakin nan ma da ke goshin mota tambarin zarto ne tun fil azal, aka yi masa rajista a 1858, kuma motarsu ta farko, mai ƙafa uku, da tururi ta yi tafiya a 1889. Wannan ya wadatar game da dauri.

Labarinmu ya fara ne a 1960, shekarar da Nijeriya da Nijar suka sami mulkin kai, domin a cikinta 404 ta fito, kuma mai buɗaɗɗen bayanta tana cikin waɗanda muka laƙaba wa suna a-kori-kura, wadda ta yi dakon gyaɗa da awaki da gadon amarya tsakanin ƙauye da kasuwa. A 1968 sai ga 504. Da arzikin man fetur ya zo, gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta yi yarjejeniya da kamfanin, aka buɗe ma'aikatar Kaduna a 1975. Abin al'ajabi kuwa shi ne, a shekarun farko ta jirgin sama ake ɗauko sassan motar daga birnin Liyon zuwa filin jirgin Kano, sa'an nan a kai su Kaduna a ɗaure, alhali kuwa ƙarfe kaya ne da aka saba ba jirgin ruwa.

To, a nan saɓani ya shigo. Jama'a da dama sun tafi a kan cewa umarnin hukuma ne ya ɗaukaka ta, tun da gwamnatin Janar Obasanjo ta mai da 504 motar manyan ma'aikata. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, amma ba ta isa hujja ba, saboda umarni iyakarsa ƙofar ofis. Ba ya tilasta wa direban haya ya zuba guminsa a kan wagon mai layi uku, kuma mun gani da idonmu, bayan manya sun koma wasu motoci, tashoshin Kano da Katsina da Maraɗi da Damagaram sun ci gaba da lodi da ita shekara da shekaru. Waɗansu kuma suka ce ƙarfinta ne, suna kafa dalili da tseren Safari na gabashin Afirka, inda 404 ta ci sau huɗu tsakanin 1963 da 1968, 504 kuma ta ci a 1975 da 1978. Na yarda tana da juriya, ƙafafunta na shanye gargada yadda fasinja zai yi barcinsa a hanyar burji. Sai dai kowane ƙarfe yana gajiya, kuma ba a rasa wasu motoci masu ƙarfi a zamaninta ba.

Abin da na rinjayar, kuma nake tsaye a kansa, shi ne bakanike ya raya Fijo. Mota ce wadda zahirinta da baɗininta ɗaya ne: ka ɗaga bonet ka ga kafireto da fulogi huɗu da lagireto, kowanne a sarari, da wurin da hannu zai shiga. Ina yaro na sha tsayawa a wani gareji ƙarƙashin darbejiya, ina kallon wani dattijo yana ɗora bakin sukundireba a jikin injin, ya kara ƙotar a kunnensa, ya lumshe ido kamar mai sauraren karatu, sa'an nan ya ce wa yaronsa, "Kai, ɗauko sifana goma sha uku." Ya kwance kafireto, ya wanke da fetur a gwangwani, ya busa 'yar ƙofar man da bakinsa, ya mayar, mota ta tashi. Irin wannan ilmi daga maigida zuwa yaro ya riƙa gangarowa, tamkar isnadi, kuma kasuwanni irin su Panteka a Kaduna da Ƙofar Ruwa a Kano suka tsaya masa da kayan gyara, ta yadda duk inda ta mutu maka, ko a ƙauye ne, ba ka rasa mai tashe ta.

Faransa ta daina ƙera salun ɗin 504 a 1983, Kaduna kuwa ta ci gaba fiye da shekara ashirin bayan haka. Amma tun daga 1986, da darajar naira ta faɗi, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, 'yan Kwatano suka cika hanya, har a 2006 gwamnati ta sayar da hannun jarinta a ma'aikatar.

Masu farfaɗo da ita a yau suna shan wahala, domin tsatsa kan cinye ƙasan bodi sai mai walda ya yi faci, fitilun asali da zakin goshi sun yi wuya, kuma abin da ya fi ɓata mini rai, wasu kan cire injinta su dasa na wata mota su ce sun gyara. A ganina wannan cin amanar abin ne. Wanda ya yi haka ya riƙe riga ya yar da mai rigar. A garin Sosho na ƙasar Faransa, cibiyar kamfanin, akwai gidan tarihi da aka buɗe a 1988 ana adana irin waɗannan motoci, mu kuwa namu 'yan gwangwan ke saye a kan sikeli.

Saboda haka, ya kai mai karatu, in akwai tsohuwar Fijo da mahaifinka ya bari a bayan gida, kada ka sallama ta ga mai sikeli. Ka nemi tsofaffin makanikan nan tun suna raye, ka kai musu ita, ka kuma tura yaro ya tsaya kusa da su.