Epikuros da Makarantar Lambu

Epikuros masanin falsafa ne na tsohuwar Girka. An haife shi a tsibirin Samos a shekara ta 341 kafin Miladiyya, ya rasu a birnin Atina a shekara ta 270. Ya fara karantarwa a garuruwan Mitilene da Lamsakos, sa'annan wajen shekara ta 306 ya sayi gida da lambu a Atina, inda makarantarsa ta samo sunanta. Cikin almajiransa har da mata da bayi, abin da ba kasafai ake gani ba a zamanin.

Jigon koyarwarsa shi ne jin daɗi, amma a wurinsa ƙololuwar jin daɗi ita ce jiki ya rabu da ciwo, zuciya ta rabu da damuwa. Ya kasa sha'awar ɗan Adam gida uku: wadda ɗabi'a ta wajabta, kamar ci da sha da sutura, wadda ɗabi'a ta sani amma ba ta wajabta ba, kamar abincin ƙasaita, da wadda ba ta da tushe sai zancen mutane, kamar mulki da suna. Ta farkon tana da iyaka, biyan ta kuma ba wuya. Ta ƙarshen kuwa ba ta ƙoshi, don haka mai bin ta ba ya samun natsuwa. Gurasa da ruwa ne galibin cimarsa, ɗan cuku kuma ya ishe shi ranar shagali. Ya fifita abota a kan dukiya, ya shawarci mabiyansa su nisanci siyasa.

Ra'ayinsa game da mutuwa ya taso daga koyarwar masanin falsafa Demokritos cewa komai ƙwayoyin zarra ne, har da rai, wanda ke watsewa tare da jiki. Tunda daɗi da wuya ta hanyar ji suke zuwa, mutuwa kuwa yankewar ji ce, sai ya ga babu dalilin tsoron ta. Tsakuwar mafitsara ce ajalinsa. A wasiƙarsa ta ƙarshe ga almajirinsa Idomeniyas ya ambaci tsananin ciwon, ya ce tuna hirarrakinsu na ilimi yana faranta masa rai, ya kuma ba shi amanar 'ya'yan abokinsa Metrodoros.

An ce ya rubuta littattafai kusan 300, amma kaɗan suka tsira. Marubuci Diyojin Layartiyos ya adana wasiƙunsa 3 da ƙa'idojinsa 40. A Rum, mawaƙi Lukretiyus ya tsara koyarwar cikin waƙa mai juzu'i 6 a ƙarni na 1 kafin Miladiyya, inda ya danganta kwaɗayin dukiya da tsoron mutuwa. Rubuce-rubucen Filodemos, wani mabiyin koyarwar, sun binne a Harkulaniyum lokacin da dutsen Besubiyus ya yi aman wuta a shekara ta 79 Miladiyya, aka tono su a ƙarni na 18. A Oinowanda, cikin Turkiyya ta yau, an sassaƙa koyarwar a jikin bango a ƙarni na 2 Miladiyya.

Musun da Epikuros ya yi wa rayuwa bayan mutuwa ya saɓa wa addinan da aka saukar, kuma yana cikin dalilan dusashewar makarantar. Abokan hamayya sun jingina masa holewa, alhali rubutunsa ya hana ta ƙarara. A shekara ta 1417 aka sake gano waƙar Lukretiyus, a ƙarni na 17 kuma malamin Faransa Gasendi ya farfaɗo da nazarin Epikuros a Turai.