Mijin Tace a Majigi: Tarihin Wata Dariya a Ƙasar Magarya da Dungas

Duk wanda ya taɓa zama a gidan kallo a Magarya ko Dungas ya san wannan fitowa. Uwargida ta ɗauko taɓarya, maigida ya zabura ya yi waje, hula ta faɗi, takalmi ɗaya ya tsinke, ɗaki ya kaure da dariya. In kuwa namiji ne ya ɗaga hannu kan matarsa, sai a ji tsaki da salati. Duka iri ɗaya ne, hukuncin ƴan kallo ya bambanta. Hausawa sun daɗe da raɗa wa irin wannan namiji suna, wato mijin tace, kuma dariyar da ake yi masa tana da tarihi.

Ƙasar nan ta kudancin Damagaram ba ta taɓa rabuwa da Daura da Kano ba ta fuskar harshe da aure da kasuwa. Dungas da Waca suna cikin tsofaffin masarautun Sosebaki da Damagaram ta mamaye a ƙarni na 19. Iyakar da Faransa da Ingila suka shata tsakanin 1906 da 1908 ta raba mulki, amma ba ta hana mutanen Magarya zuwa Ɓaɓura ba, ko na Dungas cin kasuwar Maigatari. Ko da aka cire Dungas daga Magarya ta zama gunduma mai zaman kanta a 2011, hanyoyin nan ne dai ke kawo hatsi da tufafi da labari. Ta nan majigi ya shigo.

Sai dai kafin majigi akwai dandali. Wasannin tashe na watan azumi sun daɗe suna koya wa yara zaman aure ta hanyar ba'a. Ƴan mata kan kwaikwayi amarya da ango, samari kuma su tasa gwauro gaba da kiɗa da zolaya, har a Kano aka yi sarautar Nalako don wannan aiki. Darasin a bayyane yake: namijin da ya kasa riƙe gida, jama'a ce ke hora shi, kuma bulalarta ita ce dariya. Mijin tace ɗan'uwan gwauro ne a wannan ma'auni, domin dukansu ana ganin sun gaza a matsayin maigida.

Zamanin Seyni Kunce, daga 1974 zuwa 1987, ya ɗauko wasan kwaikwayo daga dandali ya kai shi fagen hukuma. An farfaɗo da samariya, an soma bikin matasa na ƙasa a 1976, kowace jiha tana gasa da wasanninta. A Damagaram ƙungiyar gidan rediyon ƙasa, wadda Yazi Dogo ya yi fice a cikinta, ta mai da wasan Hausa abin sauraro da kallo a faɗin Nijar. Wasannin wancan lokaci na gyaran hali ne: almubazzaranci a biki, cin hanci, auren dole, yaudarar bokaye. Raha a cikinsu hanya ce ta isar da gargaɗi, kuma akan rufe da sulhu gaban dattijo ko sarki.

Kaset ne ya sauya lamarin. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya, wanda ake ɗauka a matsayin fim ɗin bidiyo na farko da Hausa. Cikin shekara goma sana'ar ta bunƙasa har ta sami sunan Kannywood. Ƴan cin rani da fatake suka riƙa dawowa da kaset, daga baya da faifai, gidajen kallo masu janareto suka buɗe har a garuruwan da wutar lantarki ba ta kai ba. Fim ɗin barkwanci, wanda Rabilu Musa Ibro ya zama sarkinsa har rasuwarsa a Disamba 2014, yana buƙatar dariya a kowace fitowa, kuma babu dariya mai araha kamar ta maigida yana gudun muciya.

Siffa biyu majigi ya ba wannan namiji. Ta farko ita ce ta raggo: matalauci, maƙaryaci, mai cika baki a majalisa, wanda dukan da yake sha tamkar sakayya ce. Ta biyu ita ce ta wanda aka mallake: mace ta je wurin boka, an binne laya ko an zuba magani a tuwo, sai ga Alhaji yana wanke-wanke, ya juya wa mahaifiyarsa baya, sai addu'a ta karya asiri. Ƴan wasa irin su Aisha Ɗankano, da ta rasu a 2016, da Saratu Giɗaɗo Daso, da ta rasu a 2024, sun ƙware wajen fitowa a mata masu zafi har ƴan kallo kan manta wasa ne. A siffofin biyu, abu guda ya ɓace: namiji mai hankalinsa, mai mutunci, wanda ake cuta a gidansa kuma kunya ta hana shi faɗa. Hukumar tace finafinai da Kano ta kafa a 2001 ta fi sa ido kan rawa da waƙa da sutura, har Ibro ya sha ɗauri a 2008. Taɓarya kuwa ta ci gaba da wucewa a matsayin raha. Da tashar Arewa24 ta zo a 2014, rikicin Kamaye da matarsa Adama a shirin Daɗin Kowa ya gaji wannan gurbi, wayar hannu kuma ta kai shi kowane zaure.

Labaran kotu ne suka katse dariyar. A Nuwamba 2017 aka kashe Bilyaminu Bello a gidansa a Abuja, kuma a Janairu 2020 kotu ta yanke wa matarsa Maryam Sanda hukuncin kisa. Kafin nan, a 2014, wata amarya mai shekara 14 a yankin Gaya ta jihar Kano ta zuba gubar ɓera a abinci, mijinta da wasu suka mutu. An janye tuhumar a 2015. Shari'un biyu ba ɗaya ba ne. Ta farko ta nuna cewa namiji ma yana iya mutuwa a hannun iyalinsa. Ta biyu ta tuna cewa wani lokaci hannun da ya yi ɓarna na yarinya ce da aka aurar ba da sonta ba.

Adalci ya wajabta a faɗi cewa mata ne suka fi shan duka a gidajen aure, kuma binciken ƙasa na 2012 ya nuna kashi 76 cikin 100 na ƴan matan Nijar ana aurar da su kafin shekara 18. Majigin da ya cika da mata masu taɓarya yana iya rufe wannan. Amma yana kuma rufe bakin namijin da ake cuta. Dokar hukunta laifuka ta Nijar ba ta bambanta jinsi a kan duka da rauni. Ƙasar ba ta da kundin dokar iyali, saboda haka rikicin aure ya fi zuwa gaban iyaye da limamai da sarakuna don sulhu. Mutumin da ya san za a kira shi mijin tace tun daga ƙofar fada, gara masa ya haɗiye, ya ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, har abin ya kai ga saki cikin fushi ko ga jini.

Malaman makaranta da ƙungiyoyin al'adu na Magarya da Dungas su ne magadan samariya, su ne ke shirya wasannin ƙarshen shekara da na rediyon karkara. Ba a ce su daina ba da dariya ba. Abin da tarihin nan ke nema shi ne a gwada, ko sau ɗaya, a kai mijin da aka daka gaban mai gari, a bar shi ya yi bayani har ƙarshe, a saurari matar ita ma, a ga yadda ƴan kallo za su yi in ba a ba su hular da ta faɗi ba.