Agadas: Fadar Abzin Tsakanin Sarauta, Gwamnati da Arzikin Yuraniyom

Agadas, hedikwatar jiha mafi girma a Jamhuriyar Nijar, tana gindin duwatsun Abzin daga kudu, a bakin hamadar Sahara. Jihar ta ɗauki fiye da rabin faɗin ƙasar, amma mazaunanta ba su da yawa. Ruwan sama kaɗan ne. Lambunan garin sun dogara da ƙoramar Telwa, wadda ke gangarowa daga duwatsu da damina.

Abzinawa ne suka kafa sarautar Abzin a farkon ƙarni na 15, domin su sami mai raba gardama tsakanin ƙabilunsu, daga baya fadar ta koma Agadas. Garin ya bunƙasa a matsayin zangon ayarin da ke tsakanin Kano da Katsina da Arewacin Afirka, da kuma ayarin gishirin Bilma. Wannan fatauci ne ya sa Hausa ta zama harshen kasuwa, har a fada akwai Sarkin Turawa mai kula da fataken Larabawa. Askiya Muhammadu na Sanwai ya ci garin a 1515. Hasumiyar babban masallaci, wadda aka gina da laka mai tsawon mita 27, da itatuwa a tsire a jikinta, ta samo asali a wancan zamani. An sake gina ta a 1844. A 2013 hukumar UNESCO ta sa tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya.

Faransawa sun mamaye Agadas a 1906. A Disamban 1916 Kawusan, jagoran Abzinawa masu tawaye, da goyon bayan Sarki Tagama, ya yi wa barikinsu ƙawanya har zuwa Maris 1917. Bayan an karya ƙawanyar an kashe malamai da dama, sarautar kuma ta rage ƙarfi. Da aka sami 'yancin kai a 1960, ikon ya koma Yamai, mai nisan kusan kilomita 1,000.

Yuraniyom ya sauya lissafin. Kamfanin SOMAIR ya fara haƙa a Arlit a 1971, COMINAK kuma a Akokan a 1978, har ya rufe a 2021. A Imouraren, kimanin kilomita 80 kudu da Arlit, an gano ɗaya daga cikin manyan ma'adanan duniya tun 1966, amma ba a kai ga haƙar kasuwanci ba. Kukan makiyaya shi ne an ci filin kiwo da ruwan ƙasa, riba kuwa ta wuce su.

Daga nan rigimar matsayin jihar ta taso. 'Yan tawayen shekarun 1990 sun nemi cin gashin kai ga arewa. Yarjejeniyar 24 ga Afrilu 1995 ta tsaya kan raba iko ga jihohi da ɗaukar mayaƙa aikin gwamnati. Ƙungiyar 'yan tawaye ta MNJ ta ɗauki makami daga 2007 zuwa 2009, tana neman kaso mafi tsoka na kuɗin ma'adinai.

Babu wata ƙasa da ke jayayya da Nijar kan mallakar garin Agadas. Takaddamar ta cikin gida ce: gwamna na wakiltar Yamai, Sarkin Abzin na sasanta al'umma. A Yunin 2024 gwamnatin soja ta janye lasisin Imouraren daga kamfanin Orano na Faransa, a 2025 kuma ta mayar da SOMAIR mallakar ƙasa. Hakan ya taɓa dangantaka da Faransa, amma bai warware batun kason da zai zauna a jihar ba.