Kanwa, Ƙwannafi da Ƙasar Dareta

Tun kafin a buɗe kemis na farko a Anka ko Gummi, Bahaushe yana da maganin ƙwannafi, har ya sa shi a karin magana: kanwa ta kar tsami, ƙwannafi ya kwanta. Ko likita ba zai musa ba, domin kanwa gishirin sodiyam ce, kuma da ta haɗu da ruwan tsamin da ke tasowa daga tumbi sai ta kashe kaifinsa. A da, daga ƙasar Manga da Muniyo da gaɓar Tafkin Chadi fatake ke ɗauko ta a kan jakuna, su bi ta Kano su yi yamma da ita, wasu har Gwanja inda suke sayo goro. Paul Lovejoy ya bi diddigin wannan fatauci a littafinsa na 1986 kan gishirin Sudan ta Tsakiya. Mutanen da sun san kanwa ungurnu, sun san jar kanwa, sun raba ta dabbobi da ta miya. Abin da al'adar ba ta bar mana ba shi ne awo, wato nawa za a sha, kuma har zuwa yaushe. A nan haɗarin yake, da da yanzu.

A shekarun 1970 likitoci biyu, Davidson da Parry, sun lura da yawan masu jego da ake kawowa asibitin Zariya da kumburi da ciwon zuciya. Suka danganta abin da kunun kanwa da ake ɗura wa mace har kwana arba'in, ga wankan ruwan zafi, ga kwanciya a gadon ƙasa da wuta a ƙarƙashinsa. Sodiyam yana riƙe ruwa a jiki, zuciyar da ta sha wahalar ciki kuwa ba ta iya ɗaukar ƙarin kaya. Wani zai ce kakanninmu sun sha sun rayu. Haka ne, amma waɗanda suka rayu kaɗai muke ji daga bakinsu. Wadda ta kumbura ta rasu, sanyi aka ce ya shige ta. Gaskiya ne kuma ciwon yana kama matan da ba su taɓa shan kunun ba, sai dai wannan bai wanke kanwa ba ga mai hawan jini ko ciwon ƙoda.

Da kemis ya zo, halin bai sake ba, kayan ne suka sake. Mai jiƙa kanwa ya koma shan farin ruwan maganin olsa, ko haɗiyar omeprazole wata da watanni, alhali kwana 14 ne ƙa'idarsa ga wanda likita bai duba ba, kuma kafin karin kumallo ake shan sa. Farin ruwan nan yana hana jiki tsotsar maganin ƙarin jini da tetracycline da ciprofloxacin, shi ya sa ake raba su da aƙalla awa biyu. Masu kare kanwa suna kafa hujja da ranitidine, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta sa a janye a 2020 saboda wani sinadari da ake zargi da jawo sankara. Hujjar ta fi ƙarfafa ɗaya ɓangaren: an gano aibinsa ne domin akwai masu auna shi, kanwar kasuwa kuwa babu mai auna ta.

Abin da ya faru a ƙauyen Dareta ya ƙara wani dalili mai nauyi na yin hattara. A 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF ta bankaɗo gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, inda ake daka duwatsun zinariya a cikin gidaje. Yara fiye da 400 suka mutu, aka kankare ƙasar tsakar gidaje, aka ba yara maganin fitar da guba. A jikin babba dalma takan zo da murɗawar ciki da taurin bayan gida da rashin cin abinci. Wannan ba ƙwannafi ba ne, amma a bakin mai sayen magani duk ciwon ciki ne, kuma mai kemis ba ya gwada jini. Mahaƙin da cikinsa ya ƙi lafawa bayan mako biyu, ko yake rama, ko yake aman jini, ko bayan gidansa ya yi baƙi, asibitin Anka ya kamata ya nufa, ya kuma faɗa wa likita irin aikin da yake yi.