Tantanin ruwa

Tantanin ruwa dabara ce ta raba sinadaran da ke cakuɗe cikin man fetur ba tare da an dafa su ba. Norman Li, masani a kamfanin Esso na Amurka, shi ya ƙirƙiro ta, ya samu takardar mallakarta ranar 12 ga Nuwamba, 1968.

Ana lulluɓe ɗigon mai da siririn tantani na ruwa mai haɗe da sinadari irin na sabulu, a zuba shi cikin wani man. Sinadaran benzin da tolwin da ke cikin man kan riga sauran sinadaran ratsa tantanin, domin sun fi narkewa a ruwa. Babban cikas ɗin dabarar shi ne tantanin kan fashe.

Saɓanin wannan dabara, Matatar Kaduna, wadda aka buɗe a 1980, an gina ta ne don raba ɗanyen mai da zafi.